Yadda tsadar lokaci ta tsara titunan San Faransisko a zamanin rububin zinariya

Ba a cikin San Faransisko aka haƙi zinariya ba. Wurin da James Marshall ya tsince ta ranar 24 ga Janairun 1848, wato Coloma a bakin kogin American a Kalifoniya, ya yi wa garin nisan kusan kilomita 200. Abin da garin ya mallaka shi ne ƙofa. Jirgin da ya taso daga New York, ko Valparaiso ta ƙasar Chile, ko Sydney, ko Kanton ta ƙasar Sin, a nan yake sauke mutane da kaya, sannan a shiga ƙananan jirage a bi kogi zuwa Sacramento ko Stockton, daga can a hau duwatsu. Zinariyar ma ta wannan ƙofa take fita. Shi ya sa ƙauyen da mutanensa ba su cika dubu ba a farkon 1848 ya wayi gari da mutum tsakanin 20,000 da 25,000 a ƙarshen 1849.

Masu ba da labarin zamanin sun fi son jero abubuwan ban mamaki: ƙwai ɗaya dala ɗaya, alfadari ya nutse a taɓon titi, gari ya ƙone sau shida cikin wata 18. Duka an yi. Amma in aka tsaya nan, mai karatu zai ɗauka zinariya ce ta juya wa mutane kai. Alhali 'yan kasuwa ne masu lissafi, kuma lissafinsu ya rataya ne a kan abu guda: a garin nan babu abin da ya kai lokaci tsada. Wanda ya ranci kuɗi a 1849 yana biyan ruwa kashi 8 zuwa 15 cikin ɗari a kowane wata. Lebura yana karɓar dala ɗaya a awa, abin da takwaransa na gabashin Amurka yake samu a wuni. Kafintoci suna kan dala 12 a rana suka tafi yajin aiki a Nuwamban 1849 suna neman 16. Kusan duk abin da ido yake gani a titi, daga bangon ƙyalle har layin gidan waya, daga waɗannan alƙaluma ya tsiro.

Tsakiyar garin a lokacin layuka ne 'yan kaɗan. Akwai dandalin Portsmouth, wanda kowa yake kira Plaza, fili mai gangara babu inuwa, da tsohon ginin kwastan na tubalin laka tun zamanin mulkin Meziko a gefensa. Layi ɗaya ƙasa da dandalin titin Montgomery ne, kuma shi ne bakin teku. Gaba da shi wani lungun teku ne marar zurfi mai suna Yerba Buena, wanda in ruwa ya janye sai ya bar shimfiɗar laka. Baya da gefe kuwa tuddan yashi ne.

A takarda aka fara yin titunan. Jasper O'Farrell ya auna garin a 1847, ya ja layuka miƙaƙƙu bai damu da tudu ko kwari ba. Fuloti mai faɗin mita 42 kowane gefe ana samunsa kan kimanin dala 16 har da kuɗin takarda. An kuma zarce da layukan har cikin teku, aka yi gwanjon fulotan da ruwa yake kwance a kansu. Bayan shekara biyu waɗannan fulotan na ruwa suka shiga sahun mafi daraja a garin, domin babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa. Can nesa yake tsayawa a riƙa jido kaya da kwale-kwale, kuma kowane jido kuɗi ne da kwanaki. Wanda ya fi kusa da ruwa mai zurfi shi ke da kasuwa.

Sai aka shiga kafa gadojin sauke kaya a kan dirkokin itace, kowace tana ɗorawa daga bakin wani titi ta nufi teku. Wadda ake kira Long Wharf an fara ta a 1849, kafin ƙarshen 1850 ta kai kusan mita 600. Gefe da gefenta aka jera shaguna, rumfunan gwanjo da gidajen caca, duka a kan dirkoki. Daga baya aka haɗa gada da gada da wasu hanyoyin katako, aka riƙa rushe tuddan yashi da injin haƙa mai aiki da tururi ana cike ƙarƙashinsu. Matsalar dirkokin ita ce tsutsar teku da take huda itace ta ciki. A waje dirka lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka. Katakan sama ma amalanke da kofaton doki suna cinye su, kuma mai tafiya da dare ba fitila yana iya zurmawa ta wani rami sai teku.

Su kansu jiragen sun zama gidaje. Da zarar jirgi ya jefa anga, ma'aikatansa su sulale su nufi duwatsu, don albashinsu na wata bai kai abin da suke jin ana samu a kwana biyu ba. A 1850 jirage fiye da 500 ne suke tsaye a tashar, da yawa babu mai tuƙa su. Mai hankali ya ga sito ne da aka riga aka gina. Yadda ake yi: a jira cikar ruwa a jawo jirgin kan laka, a cire turakun filafilansa, a kafa dirkoki kewaye da shi don kada ya kwanta gefe, a huda ƙofofi a jikinsa, a yi masa rufin katako. Haka aka yi wa Niantic, tsohon jirgin farautar kifin whale da ya kawo fasinjoji daga Panama a Yulin 1849, aka girke shi a mahaɗar titunan Clay da Sansome. Wani mai suna Euphemia hukumar gari ce ta saye shi ta mai da shi kurkuku. Akwai kuma masu wayon da suke huda gindin tsohon jirgi su toshe, su ja shi da dare zuwa kan fulotin ruwan da ake rigima a kansa, su zare toshiyar. Gari na wayewa jirgi ya zauna daram, mai shi kuma yana da abin nunawa a kotu.

Wa yake iya biyan hayar bakin dandali

Bayard Taylor, wakilin jaridar New York Tribune da ya iso garin a Agustan 1849, ya ruwaito cewa otal ɗin Parker House da ke bakin dandali, ginin katako mai hawa biyu, hayarsa dala 110,000 ce a shekara, kuma wajen dala 60,000 daga ciki 'yan cacar da suka kama benen ne suke biya. Maƙwabcinsa El Dorado tanti ne mai ƙafa 15 a faɗi, 25 a tsawo, ana biya masa dala 40,000 a shekara.

A nan lissafin gini yake bayyana. A ce mutum ya ranci dala 10,000 a kan ruwa kashi 10 a wata. Kowane wata da ya wuce bai buɗe shago ba, dala dubu ta hau kansa, ban da hayar fili. Ginin bulo yana son magina, lemun farar ƙasa, bulon da sai an ƙona ko an kawo a jirgi, da watanni. Firam ɗin katako da aka lulluɓe da tamfol kuwa kwana kaɗan ne. Katakon kansa ya kai dala 300 zuwa 400 kan kowace ƙafa dubu a 1849, saboda haka ake tsimin sa: a yi ginshiƙai da daɓe da shi, bangon ciki a ja alawayyo a kafe da ƙananan ƙusoshi a liƙa takarda mai ado, silin ma ƙyalle ne. Wasu sun yi odar gidaje a sassaƙe daga Kanton da gabashin Amurka, kowane katako da lambarsa, sai haɗawa. Wasu suka kawo gidajen kwano daga Ingila da New York. Duk wanda ya zaɓi waɗannan ya san ba za su daɗe ba. Shi ma ai ba zama ya zo yi ba. Yawancinsu shekara ɗaya ko biyu suka ɗibar wa kansu su tara su koma gida.

Dalilin da ya sa gidan caca ya fi kowa ƙarfin biyan haya ba son caca ne kaɗai ba. A ƙidayar 1850, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka ƙirga a Kalifoniya maza ne, akasari samari. Makwancinsu ko dai gadon katako mai hawa-hawa a ɗaki ɗaya da mutum goma sha, ko tanti a unguwar Happy Valley kudu da titin Market. Babu falo, babu iyali, babu inda za a zauna in rana ta faɗi. Gidan caca ne kaɗai yake da fitilu, murhu, kujeru, makaɗa, kuma shiga kyauta ne. A can ake haɗuwa da ɗan gari, a ji labarin inda ake samu, a ƙulla ciniki. In ruwan hunturu ya sauko koguna suka cika, aikin wanke ƙasa ya tsaya, sai mahaƙa su gangaro gari da jakunkunansu su ƙara cika wuraren. Wasan karta na monte, wanda aka gada daga mutanen Meziko, da faro su suka fi tashe. Ranar Lahadi kuma wani mai wa'azin Kirista, William Taylor, yakan hau bencin kafinta a tsakiyar dandalin ya ɗaga murya don masu caca su ji. Shi ne daga baya, a 1884, cocin Methodist ta naɗa bishop ɗinta na mishan a Afirka.

Kuɗin da ke yawo a waɗannan tebura da shaguna garin zinariya ne a jakar fata. Wani taron 'yan kasuwa a Satumban 1848 ya tsayar da farashinsa kan dala 16 kowace oza, wato giram 31 da ɗan kai. A hukumance tsantsar zinariya dala 20.67 ce, amma ta Kalifoniya tana gauraye da azurfa, kuma sai an biya kuɗin jirgi da inshora kafin ta isa gidan buga kuɗi na Philadelphia. Abin da ya rage tsakani shi ne ribar masu saye. Kowane kanti da sikelinsa. A mashaya kuwa ba a ɓata lokacin awo: mai sayarwa ya tsoma yatsu biyu a jaka, abin da ya tsakuro dala ɗaya ke nan.

Algus bai yi wuya ba. Ana gauraya garin da ɓarɓashin tagulla ko a bar masa baƙin yashi mai nauyi. Mai saye da ya san aikinsa yakan zuba shi a faranti, ya hura don ƙura ta tashi, ya wuce da maganaɗisu ya janye baƙin yashin, sannan ya ɗiga asid na nitirik. Tagulla takan tafarfasa ta yi kore, zinariya ko gezau. Ta ɗaya ɓangaren kuma mahaƙi ne ake cuta da duwatsun awo da aka ƙara wa nauyi. Kuma duk da yawan zinariyar, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, domin kwastan sulalla take so. Sai sulallan Meziko, na Faransa, har rupi na Indiya suka shiga kasuwa, ana karɓarsu bisa girmansu ba bisa ainihin darajarsu ba. Kamfanoni irin su Moffat suka soma buga nasu kuɗin a 1849, a 1851 aka fito da ƙaton sulen dala 50 mai kusurwa takwas. Sai a 1854 gwamnati ta buɗe reshen gidan buga kuɗi a garin.

Kaya a titi

Baƙon da ya sauka a 1849 ko 1850 abin da ya fara gani shi ne kaya jibge a fili, da masu gwanjo suna ƙwala kira a kowace kusurwa. Wannan ma lokaci ne ya haife shi. Wasiƙa ta hanyar Panama tana cin wata guda ko fiye kafin ta isa New York. Kaya kuwa sai sun zagaya ƙasan Kudancin Amurka, wata biyar zuwa bakwai. In aka rubuta a watan Afrilu cewa shebur ya yanke, kowane ɗan kasuwa a Boston da New York labari ɗaya ya karanta, kuma duk jiragensu kusan tare suke isowa a ƙarshen shekara. Abin da aka yi rububinsa jiya yau ya zama jibgi. Ajiye shi a sito a jira farashi ya tashi ba ya yiwuwa, ga hayar sito ga ruwan bashi. Dole a kaɗa masa ƙararrawa ko nawa ya kama. Abin da ya ƙi sayuwa a bar shi inda aka sauke. Shi ya sa a hunturun farko aka yi matakala a taɓo da akwatunan taba, buhunan fulawar Chile da ta lalace da murhunan ƙarfe, a daidai lokacin da ƙananan ƙusoshin kafe ƙyalle suka zama abin nema ruwa a jallo.

Aikin hannu bai taɓa yin irin wannan arahar ba. Wankin riga dozin ɗaya dala 8 ne, har wasu suka gwammace su aika da dattinsu Honolulu ko Kanton a jirgi, ya dawo bayan watanni. Wasu su sayi sabuwa a gwanjo su jefar da tsohuwar a titi. Sai da 'yan Sin suka shiga sana'ar wanki da guga farashin ya sauko.

Ranar da jirgin wasiƙu ya iso gari kan tsaya. A kan tudun Telegraph akwai wani dogon turke mai hannaye biyu da ake ɗagawa don nuna irin jirgin da ya doso. Da an ga alamar jirgin tururi sai a ruga gidan waya da ke titin Clay. Layi yakan zagaye unguwa, wasu su kwana a wurin, marasa aikin yi su kama wuri a gaba su sayar wa mai gaggawa. Kuɗin aika wasiƙa ɗaya santi 40 ne, tsohuwar jaridar New York kuma dala ɗaya. Jajibirin tashin jirgin ya zama ranar biyan bashi, tunda kowane ɗan kasuwa sai ya aika wa masu kayansa zinariya. Yara da akawuna suna sintiri da takardun bashi tun safe, wanda ya kasa biya ranar nan kafin dare kowa ya ji.

Abin da mutum ɗaya zai ci ribarsa ana yin sa cikin kwana uku. Abin da yake na kowa, kamar titi, magudana da ruwan kashe gobara, ba shi da mai shi. Ruwan sama na hunturun 1849 zuwa 1850 ya zarce milimita 800, a garin da bai saba kai 600 ba. Titunan ƙasa ce zalla, ba lambatu, kuma ruwan tuddai duk a Kearny da Montgomery yake taruwa, inda ƙafafun amalanke suke dama shi dare da rana. Hukuma ta sa aka sassaro rassan itace aka zuba don a samu wurin takawa. Rassan suka nutse, suka riƙa harɗe ƙafafun dabbobi, abin ya ƙara muni. A 1850 aka koma shimfiɗa katakai masu kauri a kan gungume, da magudanar katako a ƙarƙashi. Taɓo ya ragu, amma an bar sarari tsakanin ƙasa da katako, kuma wannan sararin zai dawo da nasa sharrin.

Ruwan sha a hannun 'yan garuwa yake, masu ganguna a kan amalanke ko jaki. Wani daga rijiyoyi da idanun ruwa na kusa, wani kuma a jirgi ake ɗebo shi daga Sausalito, tsallaken mashigar teku. Wanda ya san yadda jarkar ruwa ta yi daraja a Djado, a arewacin Nijar, bayan ɓullar zinariya a 2014 ya san wanda yake kwashe kuɗin mahaƙi tun kafin ya ga ƙwayar farko. Rijiyoyin cikin gari kuwa dab da masai suke, saboda haka atuni bai bar unguwannin tanti ba, kwalara kuma ta shigo a Oktoban 1850.

Sau shida

Gobarar farko ta tashi ranar 24 ga Disamban 1849 a gidan caca na Dennison da ke bakin dandali. Uku suka biyo baya a 1850: 4 ga Mayu, 14 ga Yuni da 17 ga Satumba. Sai ta daren 3 ga Mayun 1851, wadda ta fi kowace, sannan ta 22 ga Yuni. Ba a bukatar neman wani asiri. Ga kyandir da fitilar mai a ɗakin da bangonsa da silinsa ƙyalle ne, ga bututun murhu ya ratsa ta jikin tamfol, ga gidaje manne da juna, ga iskar yamma da ke busowa daga teku kusan kullum. Wuta ta kama silin, cikin minti kaɗan ta tsallaka gida na uku.

Kayan kashe ta injin famfo ne da ƙarti suke bugawa da hannu, kuma 'yan kwana-kwanan sa kai ne. In ruwan teku ya janye, injin ba shi da inda zai zuƙo. Abin da ya fi aiki shi ne a sa albarushi a tarwatsa gidajen da ke gaban wutar, ko a ɗaura musu igiya a ja su ƙasa, kuma masu gidajen sukan kai ƙara daga baya. Bayan gobarar Mayun 1850 aka yi doka kowane gida ya ajiye bokiti shida cike da ruwa, aka sa tara ga wanda ya ƙi taimakawa, aka fara haƙa tankunan ruwa a ƙarƙashin mahaɗar tituna.

Ta Mayun 1851 ta fara ne wajen ƙarfe 11 na dare a wani shagon fenti da kayan kujeru a kudancin dandalin, ta yi kusan awa goma, ta cinye kimanin kashi uku cikin huɗu na garin. A nan gyare-gyaren bara suka juya wa masu su baya. Sararin da ke ƙarƙashin titunan katako ya zama zuga-zugi: wuta ta bi ta ƙasa ta ɓullo a layin da ake ganin ya tsira. Gidajen kwano da aka saya a matsayin maganin gobara suka yi ja, suka lanƙwashe, abin da ke ciki ya gasu. Wasu mutane da suka kulle kansu a irin wannan gini don tsare kaya suka mutu a ciki, domin zafi ya kumbura ƙofofin ƙarfe sun ƙi buɗuwa. Gine-ginen bulo masu siririn bango ma da yawa sun zube. Niantic da wasu jiragen sito sun ƙone har bakin laka, kuma sai da aka datse gadojin katako kafin a hana wutar isa ga jiragen da ke tsaye a ruwa. Sito ɗaya, na DeWitt da Harrison, ya tsira ne saboda ma'aikatansa sun rufe shi da barguna suna jiƙawa da gangunan ruwan khal da ke ajiye a ciki.

Kwana goma ba su cika ba an tayar da ɗaruruwan gine-gine a kan toka, da yawa na katako kamar da. Ana kawo wannan a matsayin jarumta. Ya fi kama da lissafin nan dai: inshorar gobara kusan babu, kuma shagon da hayarsa za ta mayar da kuɗin gininsa cikin 'yan watanni ya fi ginin da ba a gama ba. Abin da ya sauya tsarin shi ne saukar farashin lokaci. Zuwa 1852 ma'aikata sun yawaita, lada ya sauko, ruwan bashi ya dawo kashi biyu zuwa uku a wata, kuma kayan da ke cikin sito sun fi ginin kansa daraja nesa ba kusa ba. Bankuna suna son ɗakin ajiya da wuta ba ta ci. Sai aka ga bango mai kauri, tagogin ƙarfe ninki biyu da rijiya a tsakar gida. Ginin Parrott na 1852 da dutsen da aka sassaƙa a ƙasar Sin aka yi shi, magina 'yan Sin suka ɗora. Montgomery Block na Henry Halleck, mai hawa huɗu, an gama shi a 1853 a kan shimfiɗar gungumen itace da aka binne cikin laka.

Sha'anin doka ma haka ya tafi. Lokacin da John Geary ya karɓi shugabancin garin a Agustan 1849, ya shaida wa majalisa cewa ba ofis, ba ɗan sanda ko ɗaya, ba kurkuku, ba ko kwabo a baitulmali. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 15 ga Yuli, wasu 'yan daba da ake kira Hounds, yawancinsu tsofaffin sojojin sa kai daga New York, sun auka wa tantunan 'yan Chile a gindin tudun Telegraph da duka da harbi da wawaso. An kama su, an yanke musu hukunci, amma ba a daɗe ba suka watse, tunda ba inda za a tsare su.

Bayan gobarar 1851 zargi ya koma kan mutanen da suka zo daga Ostireliya, waɗanda wasunsu tsofaffin fursunoni ne. 'Yan kasuwa, da Sam Brannan a gaba, suka kafa kwamitin banga a watan Yuni. Mutum na farko da suka rataye, John Jenkins, ƙaramin akwatin ajiyar kuɗi ya sata daga wani ofis a Long Wharf. Cikin dare ɗaya aka kama shi, aka yi masa shari'a a ɓoye, aka rataye shi a jikin tsohon ginin kwastan na dandali. Kafin ƙarshen Agusta sun rataye mutum huɗu, sun kori wasu a jirgi. Magoya bayansu sun ce kotu ta gaza, kuma da gaskiyarsu ta wani fanni. Sai dai a duba abin da ya tayar musu da hankali: dukiyar sito ce. Dokar jihar ta 1850 ta hana baƙar fata da 'yan asalin ƙasar ba da shaida a kan farar fata, a 1854 kotun ƙoli ta jihar ta haɗa da 'yan Sin, waɗanda kusan 20,000 daga cikinsu suka shigo a 1852 kaɗai. Wanda aka yi wa fashi a titin Sacramento ko Dupont, unguwar 'yan Sin, ba shi da kotu, ba shi da kwamiti.

Hukumar garin kanta a cikin wannan kasuwar bashi take. Mutanen da suke ganin gobe za su tafi ba sa biyan haraji da daɗin rai, saboda haka kuɗin shiga ya dogara ga sayar da filaye da lasisin gidajen caca da mashaya. Da suka kasa, sai ta riƙa biyan 'yan kwangila da takardar alkawari mai ruwan kashi uku a wata. A kasuwa takardar ba ta kai darajar da aka rubuta mata, don haka ɗan kwangila ya ninka farashi tun farko. Wani likita, Peter Smith, da aka ba kwangilar jinyar marasa galihu kan dala 4 kowane mutum a rana, ya tara irin waɗannan takardu ya kai ƙara. Kotu ta ba shi gaskiya a 1851, aka yi gwanjon filaye da gadojin gari a kan farashin banza, don masu saye da yawa sun ji tsoron takardun ba za su tsaya ba. Sun tsaya, kuma garin ya rasa dukiyar da ta ninka bashin sau da yawa. A 1854 Henry Meiggs, ɗan majalisar gari kuma babban dillalin katako, ya cike takardun biyan kuɗi na hukuma da hannunsa ya ci bashi da su, ya tsere a jirgi a watan Oktoba. Daga baya shi ya gina layukan dogo a Chile da Peru.

A lokacin zinariyar saman ƙasa ta fara ƙarewa. Abin da aka haƙa ya kai ƙololuwa a 1852, wajen dala miliyan 80, daga nan ya soma sauka, aikin ya koma hannun kamfanoni masu jari da bututun ruwa, mahaƙi mai kwano da shebur ya zama ɗan ƙodago. Jihar ta fara noma alkamarta, ta rage sayen fulawar Chile. An kunna fitilun gas a tituna a Fabrairun 1854, amma a shekarar nan gine-ginen bulo da aka yi da bashi mai ruwan kashi uku sun rasa masu haya. A Fabrairun 1855 jirgin wasiƙu ya kawo labarin cewa uwar bankin Page, Bacon da ke birnin St. Louis ta durƙushe. Masu ajiya suka yi dafifi a titin Montgomery, kowa yana neman nasa. Cikin mako guda bankin ya rufe, Adams and Company, wanda mahaƙa suka fi ba ajiyar garin zinariyarsu, ya bi shi, kuma masu ajiya a can suka shafe shekaru a kotu ba su ga abin kirki ba. Wells Fargo, wanda aka kafa a 1852, ya rufe ƙofa na 'yan kwanaki ya sake buɗewa, ya gaji yawancin cinikin jigilar zinariya na jihar.